Zaren robar mahaifa ya ɓace, ina ta shiga?

Tambaya: Likita, maigida ya ce yana jin zaren robar tsarin iyali da aka sa mini a mahaifa lokacin saduwa.

Amsa: In zare ne kawai, a asibiti za a rage masa tsawo. In kuwa tauri yake ji kamar tsinke, wataƙila robar ce ta zazzago. Ki je a duba, kada ki ja da hannunki.

Tambaya: Wata uku da sa mini roba mai jan ƙarfe, jinin al'ada ya ƙaru.

Amsa: Takan yi haka a wata uku zuwa shida na farko. In jiri ko haki ya shigo, ki je a auna jininki.

Tambaya: Na daina jin zaren, wata biyu ban ga al'ada ba, ga ciwon mara gefe guda. Maƙwabciyata ta ce robar ta haura zuciya, ta jiƙa mini kanwa in sha.

Amsa: 'Yar'uwa, ajiye kanwar nan! Babu hanyar da roba za ta bi daga mahaifa ta kai zuciya, kanwa kuma ba ta taɓa fito da ita ba. Na gaji da ganin mata sai sun gama jiƙe-jiƙe da cushe-cushe sannan a kwaso su ranga-ranga.

Zare yakan ɓace don ya naɗe cikin bakin mahaifa, ko robar ta faɗo tare da jinin al'ada ba ki lura ba, ko ta huda mahaifa ta shige cikin ciki. Hudawar takan faru ga kamar mace 1 cikin 1,000, yawanci tun ranar sawa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ɗaukewar al'adar ne da ciwon gefe guda. Mai roba ba kasafai take ɗaukar ciki ba, amma in ya shiga, sai mun tabbatar ba a bututun mahaifa ya zauna ba, don in bututun ya fashe jini ne zai zuba a ciki.

Da gwajin fitsari za a fara, sai hoton ciki. In ba ciki, robar kuma ba ta mahaifa, a yi hoton ƙashi a nemo ta.

Na san sai maigida ya ba da izini, ga kuɗin mota. Ki nuna masa wannan amsa, ku tafi yau. In jiri, suma ko ciwon kafaɗa ya zo, ko tsakar dare ne a kai ki asibiti.