Ƙafar tirela na kuka, birki ya ƙi kamawa: amsa ga manoma

Wani manomin masara daga yankin Funtua ya aiko da tambaya. Ya ce ƙafar hagu ta tirelar da taraktarsa ke ja tana wani gurnani in an yi lodi, kuma in ya taɓa tsakiyar tayar sai ya ji zafi rau. Shin zai iya lallaɓawa har a gama kwasar amfanin gona?

Malam, kada ka lallaɓa. Boris ne ke kuka, wato zoben ƙarfe mai 'ya'ya da tayar ke juyawa a kai, kuma in ya fara haka bai da nisa. Ranar da zai watse, ƙarfen da yake zaune a kai zai ci, wani lokaci ma tayar ta fice gaba ɗaya da buhu 50 a bayanka. Kuɗin boris kaɗan ne in aka kwatanta da kuɗin wannan ƙarfen.

Ga yadda za ka tabbatar. Sauke kaya, ka sa duwatsu ko katako ka tare sauran tayoyin, ka ɗaga da jak, sannan ka tokare da gungumen icce mai kauri. Jak kaɗai ba abin dogaro ba ne, balle a ƙasar gona mai laushi. Juya tayar da hannu ka saurara: lafiyayyen boris shiru yake, wanda ya ci kuwa sai ka ji kamar ana niƙa tsakuwa. Ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. In tana ƙwas-ƙwas, akwai sako-sako.

Boris biyu ne a kowace ƙafa, na ciki da na waje. Cire murfin tsakiyar tayar, zare ɗan ƙarfen da ke kulle notin, kwance notin, ka fito da su. Wanke su da kalanzir ko gas, su bushe, ka duba a rana. In ka ga ramuka, tsatsa, ko ƙarfen ya koma shuɗi-shuɗi saboda zafi, ya gama aiki. Ka canza shi tare da zoben da yake gudu a ciki, domin sabon boris a tsohon zobe ba ya daɗewa. Akwai lamba a jikinsa, irin su 30208 ko 32210. Da ita za ka je kasuwa, ko ka tafi da tsohon a leda. Jabu ya yi yawa, har da masu ɗauke da sunan SKF, don haka arhar da ta yi yawa abar tsoro ce.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne giris da ɗauri. Shafa giris a bayan boris ba shi ne sawa ba. Zuba shi a tafin hannu, ka riƙa danna bakin boris ɗin a kai har giris ya ɓullo ta ɗaya gefen, ka zagaya duka. Kada ka haɗa giris iri biyu, wasu in sun gauraya tsinkewa suke yi. Robar da ke tare giris ta baya, wadda makanikai ke kira sil, sabuwa za ka sa duk lokacin da ka buɗe.

Ɗaurin noti kuwa, na sha ganin yara a gareji suna taka sifana da ƙafa. Wannan shi ke ƙona sabon boris cikin mako guda. Ɗaure a hankali kana juya tayar har ka ji ta fara nauyi, sai ka sassauta kamar rubu'in zagaye, ka mayar da makullin. Tayar ta juya sumul, ba matsi, ba girgiza. A yi wannan aiki sau ɗaya a shekara, kafin kaka. In kana ratsa rafi ko fadama, ka ƙara dubawa, don ƙafa mai zafi in ta shiga ruwan sanyi zuƙo ruwan take yi. Giris ɗin da ya koma fari kamar kunu, ruwa ne ya shige shi.

Wani kuma daga Saminaka ya ce birkin tirelarsa gefe ɗaya yake kamawa, har tana fizgar taraktar a gangara.

Ɗan'uwa, fara da buɗe gefen da ba ya kamawa. Sau da yawa sil ne ya mutu, giris ya zubo ya jiƙa fatar birkin. Wanki ba ya gyara ta, sai canji, kuma gefe biyu ake canzawa tare. Haka ma in kaurinta ya ragu zuwa milimita 1.5. Kada ka hura ƙurar da ke ciki da baki ko da iska, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma, tana da illa ga huhu. Bayan ka haɗa, matse wurin saiti har tayar ta ƙi juyawa, sannan ka sassauta kaɗan-kaɗan har ta saki, ka yi daidai haka a ɗaya gefen. In birkin na mai ne, duba tiyo ko yana yoyo.

Kafin ka hau titi, ka haɗe fedar birkin taraktar guda biyu da makullinsu, ka sauka gangara da ƙaramar giya. Bayan tafiyar kilomita 50 ta farko, tsaya ka sake ɗaure notukan tayar, ka ɗora bayan hannunka a tsakiyar kowace ƙafa. Ɗumi ba komai. In ba ka iya barin hannun a kai, koma ka sassauta notin boris ɗin.