Ga 'yar uwa mai tambayar kulob ɗin ninkaya

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce kina son sa yaranki koyon ninkaya a kulob cikin hutun nan, mi za ki duba. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don nima na bi ta nan.

Ɗana na da shekara 7 lokacin, watan Afrilu, zafin Katsina ya kai 40, muka sa shi wani kulob da ke hayar pul, wato wurin ninkaya, na wani otal. Koci ɗaya, yara sun fi 20. Ina ƙarƙashin rumfa ina hira, shi kocin yana danne-dannen waya, yaron ya zame daga inda ruwa ke kai mashi ƙirji zuwa wajen zurfi. 'Yar uwa ba ihu ba komai, kansa a ɗage, baki na nutsewa yana fitowa, hannuwa kamar mai hawa tsani. Na hango shi fa, na ɗauka wasa yake, wannan abin har yau yana hana ni barci. Wata yarinya 'yar 12 ce ta jawo shi, leɓensa ya fara shuɗi, ya yi ta amai. Kocin nan ya dube ni ya ce ai ruwa ya ɗan sha Hajiya, haka ake koyo. Haka ake koyo! Da dare tari ya taso da numfashi sama-sama, muka kwana biyu asibiti yana kan oksijin. Na koma, manajan ya zaro fom ya ce ai kin sa hannu. Ko ya mai jiki bai ce ba. Na bar su da Allah.

Don haka ki tambaya ko akwai mai ceto wanda aikinshi kallon ruwa kaɗai, ban da kocin, kuma mai ceton ya nuna maki ya iya danna ƙirji sau 30 da hura numfashi sau 2 don farfaɗo da wanda numfashinshi ya tsaya. Robar hannu da ake hurawa kar ta ruɗe ki, tana sulɓewa. In yaro ya shaƙi ruwa ya ci gaba da tari ko kasala, asibiti kawai, kar a jira safe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da 5. Mu nan ma kowace damina sai an ji kududdufi ya ci yaro, musamman almajirai, bayin Allah ba mai tsaya masu.

Sai ɗakin canza kaya, wannan kar ki ji kunyar magana. Babba ba ya shiga da yaro su biyu, ba waya a ciki, mace ta kula da mata. Koci ya daina karɓar lambar yaro ko ɗaukar su hoto da kayan wanka, komi ta hannunki. Ki gaya ma yaranki duk wanda ya taɓa su inda bai dace ba su faɗa maki, ba za ki yi faɗa ba. In ba a ganin ƙasan pul ɗin don duhun ruwa ma kar su shiga.

Ban hana ɗana ninkaya ba dai, babanshi ya nace ya koya, mun canza waje, yara 6 ga koci ɗaya. Yanzu a bakin ruwan nake zama, wayata na cikin jaka, ko sallama aka yi mani sai in amsa ban juyo ba.