Wadar zuci ba lalaci ba ce

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wadar zucin Kirista ba ta hana tattalin arziki bunƙasa. Ai Manzo Bulus da ya gaya wa almajirinsa Timoti a Littafi Mai Tsarki cewa abinci da sutura sun ishe mu, da ɗinkin tanti yake ciyar da kansa. Aiki dole ne. Abin da nake tsoro shi ne tarin da ba shi da ƙarshe, irin na mai arzikin nan na misalin da Yesu ya bayar a Luka 12, wanda ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya, a daren aka karɓi ransa.

Ni ma rashin wadar zuci ya taɓa kama ni: bara da Kirsimeti na ci bashi na sauya waya, alhali tsohuwar lafiyarta ƙalau. Har Ista ina biya. Kuɗin makarantar 'yata kuwa, sai da ƙanwata ta cika mini.