Ko ƙurar hunturu na ɗauke da fulutoniyam?

Tambaya: Malam, ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Tudun Wada, Kaduna. Kakana ya sha gaya mana cewa bom ɗin da Faransa ta gwada a Sahara ya bar guba cikin hazo. Ɗalibaina sun ce ta yaya ake ganewa, na rasa amsa.

Amsa: Malam, maganar kaka tana da tushe. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bom ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, ƙasar Aljeriya, kuma kan irin waɗannan gwaje-gwaje Najeriya ta yanke hulɗa da ita a Janairun 1961. Sai dai ƙurar da ke rufe mana Kaduna, yawancinta daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa.

Gubar da ake nema ita ce fulutoniyam, wani ƙarfe da ake haɗa irin wannan bom da shi, kuma awonsa aikin haƙuri ne. Tiririn da yake fitarwa, wanda ake kira alfa, ko fallen takarda yana tare shi, don haka kara na'ura a kan ƙasa ba ya nuna komai. Haɗarinsa a shaƙe shi ne, ya zauna a huhu, ƙashi da hanta.

Sai an narkar da ƙurar cikin asid, a zuba mata sanannen adadi na wani nau'insa da ake kira fulutoniyam-242 don a san abin da ya salwanta a hanya. A tace, a raba shi da sauran sinadarai, a shimfiɗa shi siriri a kan ɗan faifan ƙarfe kamar kwabo, a sa a akwatin da aka zuƙe iskarsa. Nan na'ura ke ƙirga, wani lokaci kwana da kwanaki. Fashewar ƙwayar zarra ɗaya a daƙiƙa ita ce bekarel ɗaya, ma'aunin da ake awon da shi.

Ga wurin da ya fi burge ni. Nau'in 239, wanda sai ya shekara 24,110 rabinsa ke ƙarewa, da nau'in 240 ƙarfin tiririnsu kusan ɗaya ne, na'urar ba ta bambance su. Dole a koma ga mai auna nauyin ƙwayar zarra. Yawan nau'in 240 a kan na 239 shi ke tona asalin bom ɗin, kamar yadda zanen fuska ke nuna garin mutum.

Da aka auna ƙurar Sahara da ta faɗa Turai a Maris 2022, an sami fulutoniyam ɗan kaɗan, ƙasa ƙwarai da abin da zai cutar, kuma alamarsa ta gwaje-gwajen Amurka da Tarayyar Sobiyet ce, ba ta Faransa ba. Ka gaya wa yaran su riƙa rufe hanci da hunturu saboda tari da asma.