Amsa: tallace-tallace na cinye min data a waya

Malam, ka ce tallace-tallace sun dame ka a Chrome, ka koma Incognito amma ba ta canja zani ba. Ai ba za ta canja ba. Incognito tarihin shafukan da ka shiga da bayanan da suke bari ne ba ya ajiyewa a wayarka. Masu bibiyar sawunka a intanet don turo maka talla suna nan daram.

Chrome na Android ba ya karɓar manhajojin toshe talla. Ka sauke Firefox, wata manhajar shiga intanet irin Chrome, ka ɗora masa uBlock Origin mai toshe talla, sannan a saitin Firefox ka mayar da Enhanced Tracking Protection, wato kariya daga masu bibiyar sawu, kan Strict, mataki mai tsauri. Ni tun da na yi haka datata ta daina zuba kamar ruwa a kwando. In wani shafi ya ƙi buɗewa, irin na banki, danna alamar da ke gefen adireshi ka ɗage masa kariyar shi kaɗai.