Filin Tambayoyi: Dutsen Zobena Ya Dusashe, Ko An Cuce Ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Makka ce, a unguwar Misfala. A watan Rajab na je Jidda, na sayi zoben azurfa a wani shago cikin Balad, tsohuwar unguwar garin, mai ɗauke da dutse rawaya garau kamar an ɗiga zuma a ruwa. Mai shagon ya ce sunansa abatait asfar. Tun daga ranar ba na cire shi sai da dare. Da shi nake alwala, da shi nake girki da wanke-wanke. Yau wata huɗu, fuskar dutsen ta dusashe, gefe ɗaya kuma ya ɗan ɓalgace. Ƙanwar maigidana ta ce kwalba aka sayar mini, ga shi kuwa ina da niyyar saya wa 'yata irinsa cikin kayan aurenta. Shin cutata aka yi, ko ni ce ban iya riƙo ba?

*Daga wata mai karatu, Makka.*

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Bisa abin da kika bayyana, na fi zaton mai shagon ya faɗa miki gaskiyar sunan dutsen, sai dai bai faɗa miki halinsa ba, kuma rashin sanin halin ne ya ja miki wannan asara. Afatait, wanda Larabawa suke kira abatait (asfar kuwa rawaya ke nan da Larabci), dutse ne na asali da ake haƙowa daga ƙasa, kuma dusashewa da ɓalgacewar da kika gani su ne ainihin abin da yake yi idan aka mayar da shi zoben yau da kullum.

Masana duwatsu suna da ma'aunin tauri da wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10. Daiman yana kan 10, yaƙutu yana kan 9, tofaz yana kan 8, aƙiƙin da ake sayarwa a kasuwannin Makka da Madina yana kusa da 7, shi kuwa afatait yana kan 5 daidai, har ma shi ne dutsen da aka kafa a matsayin misalin wannan mataki. Abin da wannan yake nufi a cikin gida shi ne, wuƙar ƙarfe tana iya karce shi, haka ma yashi, domin ƙwayoyin nan masu ƙyalli da ke cikin yashi suna kan 7. Wanda ya zauna a Makka ya san yadda ƙura take kwanciya a kan komai bayan an yi iska. Duk lokacin da kika goge zoben da gefen mayafi alhali akwai ƙura a kansa, kin gurje shi da abin da ya fi shi tauri, kuma irin wannan karce da ido ba ya gani ɗaya-ɗaya shi ne yake taruwa har fuskar dutsen ta zama kamar gilashin da aka hura wa numfashi. Ban da haka yana da gautsi, shi ya sa bugu ɗaya a bakin tukunya ko kan famfo ya isa ya cire masa gefe.

Akwai kuma maganar tsami, wadda ita ce masu sayarwa suka fi mantawa. Afatait sinadarin kalsiyam ne da fosfet, kuma ɗan'uwa ne na jini ga abin da aka gina haƙorinmu da ƙashinmu da shi. Kin san yadda yawan shan lemun tsami yake cinye farin haƙori; to haka ruwan lemun tsami, da khal, da jiƙon tsamiya, da magungunan wanke banɗaki suke yi wa fuskar wannan dutse a hankali. Hannun da yake matsa lemo a kan salak, yake kwaɓa lalle, yake shafa turare, ba wurin zaman afatait ba ne. Zafi ma yana cutar da shi, musamman idan ya tashi daga zafi zuwa sanyi nan take, saboda haka kada a bar shi cikin motar da aka ajiye a rana, kada kuma a yi turaren wuta da shi a yatsa.

Duk da haka maganar ƙanwar maigidanki ba abin yarwa ba ce, domin kwalba ma tana dusashewa kamar haka, taurinta kuma bai wuce 5 da rabi ba. Saboda wannan kusanci, gwajin da mutane suke yi na karta dutse a jikin gilashi ba zai nuna miki komai ba, sai dai ya ƙara ɓata zoben. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a wannan dutse idon ma yana ruɗuwa. Sunansa kansa daga kalmar Girkanci ta yaudara aka samo shi, wani masanin ma'adinai Bajamushe, Abraham Werner, ya raɗa masa a 1786 saboda yadda ake yawan ɗaukarsa a matsayin wani dutsen. Rawayansa yana kama da wasu duwatsun ado, wato sitrin da tofaz, wani lokaci ma har da yaƙutu rawaya, amma kama da wane ba ta wane. Ki kai shi wurin mai gwajin duwatsu wanda yake da na'urar auna yadda dutse yake karya haske: afatait yana nuna wajen 1.63, sitrin 1.54, yaƙutu 1.76. Idan kuma aka duba da madubin ƙara girma aka ga 'yan kumfa zagayayyu a ciki, wannan alamar kwalba ce.

Idan ya tabbata afatait ne, zoben bai mutu ba. Mai feƙe duwatsu yana iya sake goge fuskarsa, ko da yake zai ɗan rage masa nauyi. Ki gargaɗi maƙeri ya cire dutsen kafin ya kusantar da wuta ga azurfar, kuma kada ki yarda a jefa shi cikin na'urar nan mai girgiza ruwa da masu shagunan zinariya suke wanke sarƙa da ita, ko a feshe shi da tururi. Wankinsa ruwa ne mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar kaifi, a ɗauraye ƙurar tukuna sannan a tsane da ƙyalle mai laushi. Ki ajiye shi shi kaɗai cikin 'yar jaka, ba cikin kwalla ɗaya da sauran kayan ado ba.

Game da kayan auren 'yarki, shawarata ita ce ki saya mata shi a ɗankunne ko a abin wuya, inda ba ya gogar komai, a nan ne kyansa yake daɗewa. Idan lallai zobe take so, to ya zama na fita biki, kuma a zaɓi wanda aka zagaye dutsen da bakin azurfa ko zinariya kamar katanga, ba wanda 'yan farata huɗu suke riƙe da shi gefensa a waje ba. Ki duba shi a hasken rana, kada ki dogara da fitilun shago. Ki tambayi ƙasar da ya fito. Rawayan da ya fi suna daga Meziko yake, daga mahaƙar ƙarfe ta Cerro de Mercado a Durango, ana kuma samun mai ruwan kore-kore a Maroko. Sannan ki dage a rubuta miki sunan dutsen da nauyinsa da karat a kan fatura, wato rasidi, karat ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biyar na giram, domin da wannan takarda ce za ki iya kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci idan gwaji ya nuna wani abu dabam. Afatait yana cikin duwatsu masu sauƙin kuɗi, saboda haka duk wanda ya ɗora miki farashin yaƙutu a kansa, ki bar masa kayansa.

Tambaya: Malam, ina sayar da zobban azurfa na maza ga alhazai a Madina. Wani dillali ya kawo mini afatait rawaya, ya ce yana jawo kasuwa kuma yana maganin ciwon ƙashi. In saka shi cikin hajata?

*Daga wani mai karatu, Madina.*

Amsa: Alhaji, kasancewarsa dangin ƙashi a sinadari ba ya sa ya zama maganin ƙashi, kamar yadda fosfet ɗin da ake haƙa a Jalamid, arewacin Saudiyya, don yin takin zamani ba ya warkar da kowa. Zancen jawo kasuwa kuwa ka fi ni sanin hukuncinsa. Ta fuskar sana'a ma ba zan ba ka shawara ba, domin alhajin da zai sayi zobe a hannunka zai sa shi ne dare da rana, ya yi noma ko tuƙi da shi a gida, kuma ba zai kai wani aikin hajjin ba dutsen ya dusashe, sunanka kuma ya ɓaci a garin da ba ka taɓa zuwa ba. Idan launin ne ya ba ka sha'awa, ka nemi aƙiƙi rawaya ko sitrin, su ne za su jure wa hannun namiji.