Sitika Ba Ƙarfe Ba Ce: Amsoshin Tambayoyinku Kan Keken Tsere

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wasiƙun keke suka yi mini yawa. Na wannan makon duk kan keken tsere ne, mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai.

Wani ɗalibi daga Samaru ta Zariya ya rubuto: "Kawu, na ga keken gwanjo a Sabon Gari, an rubuta Colnago a jiki, ga kuma 'yar sitika mai cewa Reynolds 531. Mai shi ya rantse haɗin hannu ne daga Italiya. Kuɗinsa ya kai na sabon Phoenix uku. In biya?"

Ɗana, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Colnago kamfanin keke ne na Italiya, kuma galibin kekunansa na ƙarfe da bututun Columbus aka haɗa su, wanda shi ma na Italiya ne. Bututun Reynolds kuwa na Birmingham ne a Ingila, 531 ɗin nan tun 1935 aka fara yin sa. Haɗuwar sunayen biyu a keke ɗaya ba haramun ba ce, amma ta isa ta sa mai hankali ya ja birki. Colnago na gaske yana da alamar fure mai ganye uku, irin na jikin karta, an huda ta ko an sassaƙa ta a cikin ƙarfen kansa, a mahaɗar bututu ko a kafaɗar cokalin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba. Idan a kan fenti kawai ka gan ta, to yaron da ke buga sitikar Keke Napep ma zai buga maka goma kafin la'asar.

Abin da ke ba ni haushi ke nan. Mutum zai ƙi sayen shadda sai ya murza ta, ya ɗaga ta a rana, ya shinshina, amma ya zo wajen keke sai ya karanta suna ya zaro kuɗi. Me ake nufi da haɗin hannu ma? Maƙeri ne yake yanka bututu ɗaya bayan ɗaya daidai tsayin mai hawa, ya zura bakinsu cikin mahaɗa kamar hannu cikin hannun riga, ya narka tagulla ko azurfa ta bi ta cike tsakani, sannan ya zauna da zarto yana gogewa har gefen ya fito fes. Bututun kuma ba irin na ruwa ba ne. Bakinsa ya fi tsakiyarsa kauri: a irin Columbus SL kaurin baki milimita 0.9 ne, tsakiya 0.6. Shi ya sa yake da sauƙin ɗauka, kuma yake shanye gargadar hanya maimakon ya aiko maka da ita cikin ƙugu. Wannan aikin kake biya, ba harufan da ke jiki ba.

To ka koma Sabon Gari da safe, ka duba da hannunka. Ɗaga shi: keken kirki na ƙarfe, da tayoyinsa da komai, yana wajen kilo goma. Ƙwanƙwasa tsakiyar bututun sama da farce, na ƙwarai yana amsawa da ƙara siririya, na banza ya yi maka "dum". Sa a kwance sandar sirdi a zaro ta. Yawanci akan buga lambar faɗinta da milimita a jikinta, 27.2 alama ce mai kyau, 25.4 kuwa bututun talaka ne. In ta ƙi fitowa, tsatsa ta riga ka saye. Shafa yatsa a ƙarƙashin bututun da ya gangaro daga wuyan keke, dab da mahaɗa: in ka ji tudu ko fenti ya tsattsage a nan, keken ya taɓa yin karo gaba da gaba. Sannan ka ɗaura zare daga inda tayar baya ke shiga, ka zagaya da shi ta wuya, ka dawo ɗaya gefen. Tazarar zaren da bututun sirdi ta zama ɗaya dama da hagu, in ba haka ba firam ɗin ya karkace.

Kuma ka ji tsoron sabon fenti a kan tsohon keke. Ni ma an taɓa yi mini: ja wur, yana ƙyalli, ashe an cike wata loɓa da filar masu gyaran mota. Damina ɗaya ya yi. Ina hanyar Shika na ji yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, da hannu na turo shi gida.

Wani malami daga Tudun Wada: "Firam ɗina ya tsage kusa da feda. Mai waldan layinmu ya ce aikin minti goma ne."

Malam, minti goma ya ishe shi kashe maka keke. Wutar da yake haɗa get da ita tana huda ƙarfe mai kaurin rabin milimita kamar takarda. Nemi mai waldan gas da ya saba aikin tagulla, irin masu gyaran lagireto, ka zauna a kansa kada ya cika wuta. Amma in cokalin gaba ne ya tsage, babu gyara. Canza shi, haƙoranka sun fi shi tsada.

Wani kuma daga Giwa yana tambaya ko zai iya sa wa keken tsere kariya ya riƙa kai taki gona. Alhaji, wa ya taɓa ɗora wa dokin hawan sallah mangala? Sayi Phoenix, shi aka yi wa wannan wahalar.

Wata uwa daga Wusasa ta rubuto wasiƙa doguwa. Ɗanta ya shiga cikin samarin nan masu fita da keke da sassafe a ƙarshen mako, yana ta naci a saya masa na "kabon", wato wanda aka yi firam ɗinsa da zaren kabon maimakon ƙarfe, ita kuma ko barci ba ta yi in ya fita.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, yaron da ke tashi da asuba don ya tuƙa keke ba shi ne abin kuka ba. Na kabon na gwanjo dai kada ki yarda: yana ɓoye tsagewa a ciki, ranar da zai karye ba ya sallama. Ƙarfe kuwa yakan lanƙwashe ko ya yi ƙara kafin ya ci amana. Ki ba shi ɗan maganaɗisu ya tafi da shi kasuwa, in ya manne ƙarfe ne, in ya zame alminiyam ne ko kabon. Ya tsaya keken na tsakanin ƙafafunsa, ya zama akwai tazarar yatsu biyu tsakaninsa da bututun sama. Kada a saya masa babba wai zai girma a kai. Rarar kuɗin ki sa a hular kwano da sabbin robobin birki da fitilar baya saboda hazon hunturu. Sharaɗinki ɗaya: kada ya hau babban titin Kano ko na Kaduna inda tireloli ke wucewa, kada kuma ya fita shi kaɗai. Allah ya tsare miki shi.

Na ƙarshe daga unguwar Kongo: ya sayi taya 700C ta ƙi zama a tsohon kekensa. Ba za ta zauna ba. Kekenka na inci 27 ne, faɗin gargarensa milimita 630, ita kuwa 700C 622 ce. Duba lambar da ke gefen tsohuwar tayar, ka tafi da ita shagon, ka roƙi mai shi ya canza maka tun bai manta fuskarka ba.